Wa'adin shekara bakwai a hukumar haramta makamai masu guba: gyara ne ko ɓarna?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata ƙa'idar aiki a Hukumar Haramta Makamai Masu Guba, wato OPCW da ke birnin Hague na ƙasar Holan, da nake so mu baje ta a faifai, tunda Allah ya haɗa mu da masana harkar ma'aikata a wannan zaure. Ƙa'idar ta ce ƙwararren da aka ɗauko daga ƙasashen duniya, sufeto ne ko masanin sinadarai ko jami'in ofis, ba zai wuce shekara bakwai a hukumar ba. Ko bai taɓa laifi ba, ko shi ne ya fi kowa iya aikin, da zarar bakwai ta cika sai ya tattara nasa ya nasa.

Ni malamin kimiyyar sinadarai ne, na kuma san irin daɗewar da ake yi kafin hannun mutum ya nuna a ɗakin gwaji. To ina ga wanda aikinsa shi ne ya shiga masana'antar wata ƙasa, ya dubi bututu da tankuna da takardun shige da ficen kaya, ya gane ko maganin ƙwari kaɗai ake haɗawa ko akwai wani abu a ɓoye? Irin wannan ido ba a aji ake samunsa ba. Shi ya sa nake ganin hukumar tana zubar da abin da ta sha wuya ta tara. Ina so in ji mai kare wannan doka da hujjarsa.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Malam. Ga mai kare ta ya zo. Ƙasashe 193 ne a cikin yarjejeniyar haramta makamai masu guba da ta kafa hukumar, ma'aikatan hukumar kuwa ba su wuce ɗari biyar da 'yan kai ba. Yarjejeniyar ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu 1997. Da a ce kujerun na dindindin ne, waɗanda suka shiga da fari za su zauna a kai har ritaya, kuma kowa ya san daga ina akasarinsu za su fito: ƙasashen da ke da manyan masana'antun sinadarai da tsofaffin rundunonin yaƙin guba. Yaushe ɗan Nijar ko ɗan Chadi zai ga ƙofa a buɗe? Sashe na 8 na yarjejeniyar ya ce a fifita ƙwarewa da gaskiya wajen ɗaukar aiki, amma a kula a ɗauko mutane daga faɗin duniya gwargwadon iko. Idan kujera ba ta zama fanko ba, wannan magana ta biyu ta mutu a takarda.

Kuma wanda ya gama wa'adinsa ba mutuwa ya yi ba, gida ya koma da ilimi.

Ummi Kaduna:
Don Allah iyayena a yi min bayani, ban daɗe da gama karatun harkar gudanarwa ba. Dokar ta hau kan kowa da kowa ne, har da sakatarori da direbobi da shi kansa shugaban? Kuma wa ke rubuta irin waɗannan dokokin?

Hajiya Maman Nana:
'Yata Ummi, ba kowa ba ne. Ƙananan ma'aikatan da ake ɗauka a cikin gari ba ta hau kansu ba, haka ma masu fassara da tafinta, don kowa ya yarda samun wanda zai juya maganar sinadarai cikin harsuna shida na hukumar ba abu ne mai sauƙi ba. Babban darakta kuwa nasa wa'adin daban ne, shekara huɗu, ana iya sabunta masa sau ɗaya.

Tambayarki ta biyu ita ce aikin da na yi har na ajiye, a wata hukumar ƙasa da ƙasa da ba wannan ba, amma tsarin kusan ɗaya ne. Dokokin aiki hawa uku ne. Na sama su ne manyan ƙa'idoji da ƙasashe mambobi ke zartarwa a babban taronsu, kuma wa'adin shekara bakwai a nan yake, don haka babu jami'in ofis da zai iya taɓa shi. Na tsakiya su ne dokokin da shugaban hukuma ke fitarwa don fayyace na sama. Na ƙasa su ne takardun umarni: yadda ake tallar gurbi, yadda ake kafa kwamitin ganawa, yadda ake auna ƙwazon ma'aikaci, hutun haihuwa, alawus ɗin karatun yara, yadda ake kai ƙorafin cin zarafi. Jami'in tsara manufofin ma'aikata a hawa biyu na ƙasa yake wuni. Shi ke rubuta daftari, ya kai wa lauyoyi, ya zauna da wakilan ƙungiyar ma'aikata a yi ta ja, ya koma ya gyara. Mutane suna raina aikin, suna cewa ai tura takarda ne. Amma jimla guda da ya rubuta za ta iya yanke hukunci ko yaron wani zai ƙarasa sakandare a makarantar da ya fara.

Sai in juyo kanku, Malam da ƙanena na Damagaram. Ku duka kuna lissafi da bakwai, ni kuwa da na zauna a kan teburin ban taɓa ganin bakwai cikakkiya ba. Kwantiragin farko shekara biyu ce ko uku, da gwajin wata shida a ciki, sannan a riƙa ƙarawa. Sabon sufeto sai ya yi horon farko na kimanin wata uku kafin ma a tura shi ko'ina, ya kuma daɗe yana bin manya a baya kafin a ba shi jagorancin tawaga. Daga shekara ta biyar kuma hankalinsa ya rabu biyu, ya fara aika takardun neman wani aiki. Wanda ya fi ƙwarewa shi ake fara ɗaukewa, ba ya ma jiran bakwai ɗin. A ofishinmu akwai wani dogon jadawali da nake buɗewa kowace safiyar Litinin, sunan kowa da ranar ƙarewar kwantiraginsa, waɗanda suka rage wa ƙasa da shekara an shafa musu ja. Akwai lokacin da na duba na ga wani sashe mai mutum biyar, uku sun yi ja tare, saboda tare aka ɗauke su. Babu wanda ya shirya hakan da mugunta. Kawai lokacin ɗaukar ba a yi tunanin ranar fita ba.

Tsohon Soja:
Hajiya ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ku tuna 2013. Ranar 21 ga Agusta aka kai harin iskar guba ta sarin a Ghouta, bayan garin Damashƙa. Cikin makonni Siriya ta shiga yarjejeniyar, aka ce a kwashe makamanta a lalata, ana tsaka da yaƙi. Wa za a tura? Ba mai digiri kawai ake nema ba. Ana neman wanda ya taɓa sa rigar kariya da takunkumin fuska cikin zafin rana, ya san minti nawa jikinsa zai ɗauka kafin ya fita, ya san yadda ake ɗibar samfur a rufe shi da hatimi ta yadda babu ƙasar da za ta ce an sauya shi a hanya. Da yawa daga masu wannan gogewa doka ta riga ta sallame su. Me ya biyo baya? A Disambar 2014 babban taron ƙasashe ya zartar da ƙuduri na musamman da ya ba da damar sake ɗaukar tsofaffin sufetoci. Wato su da kansu masu dokar sun ga inda take yoyo.

Kuma maganar Siriya ba ta ƙare ba. Tun 2014 aka kafa tawagar da ke bin diddigin abin da gwamnatin Assad ta bayyana da abin da ta ɓoye. Gwamnatin ta faɗi a Disambar 2024, ƙofofin da aka rufe shekara goma suka fara buɗewa, babban darakta Fernando Arias ya je Damashƙa a Fabrairun 2025. Fayil ɗin da ya haura shekara goma, a hannun ma'aikatan da ba sa wuce bakwai. Ku yi lissafin da kanku.

Ɗan Damagaram:
Ranka ya daɗe, ban musa maka ba, amma a ƙarƙashin wannan doka ɗin dai hukumar ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2013. A ƙarƙashinta aka sa ido har Rasha ta gama lalata abin da ta bayyana a 2017, Amurka ta gama nata ranar 7 ga Yulin 2023 a Kentucky. Fiye da tan 72,000 na guba gaba ɗaya, idan aka haɗa da na sauran ƙasashe. Idan dokar ɓarna ce zalla, da ba a kai nan ba.

Kuma ba su kaɗai ke yi ba. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Viyana tana da tsarin karɓa-karɓa irin wannan, haka ma hukumar yarjejeniyar hana gwajin nukiliya da ke can. Ita wannan ta biyun ta shafe mu kai tsaye, don tana da tashar auna girgizar ƙasa a Torodi, nan cikin Nijar. Wanda ya shugabance ta daga 2013 zuwa 2021, Lassina Zerbo, ɗan Burkina Faso ne, maƙwabcinmu. Ni abin da nake so yaranmu na jami'ar Yamai su gani ke nan, cewa wurin ba gadon wasu ba ne.

Baban Sadiq:
Ɗan uwa, misalin Zerbo ai nawa ne ba naka ba. Tun 2004 yake jagorantar cibiyar tattara bayanai ta hukumar kafin ya zama shugaba. Daɗewar da ya yi a ciki ita ta sa ya san gidan ciki da bai.

Batun tan 72,000 kuma, a bambance abu biyu. Tsayawa a kan wanda ya kawo kayansa da kansa ya ce ga su, a ƙirga a lalata, aiki ne mai wuya amma yana da littafi, sabo zai iya koya daga tsoho. Gano abin da aka ɓoye wani abu ne dabam. Gubar da aka yi amfani da ita a garin Salisbury na Ingila a 2018, da wadda aka sa wa ɗan adawar Rasha Navalny a 2020, duk nau'in gubar da ake kira Novichok ne, kuma sai bayan Salisbury aka shigar da wannan dangin guba cikin jadawalin yarjejeniyar. Aikin gaba irin wannan ne.

Ga abin da ya fi tayar min da hankali. A da, matashin sufeto yana koyon aiki a wuraren lalata makamai na Rasha da Amurka, yana ganin harsashin guba da idonsa, yana kwana yana tashi a wurin makonni. Yanzu waɗannan wurare sun rufe, alhamdu lillahi, abin da ake nema ke nan. Amma makarantar ma ta rufe tare da su. Waɗanda suka ga abin da ido su ne na ƙarshe, kuma agogon bakwai yana kaɗa musu. Kamar garin da macizai suka yi ƙaranci ne, sai aka sallami gardawa, ranar da kububuwa ta shigo ɗaki a rasa wanda ya taɓa kama ta. Na san an buɗe sabuwar cibiyar kimiyya da fasaha a kusa da Hague a Mayun 2023, da ɗakin gwaji da wurin horo, kuma abu ne mai kyau ƙwarai. Amma gini ba ya koyarwa sai da mai koyarwa a ciki.

Barista:
Ku ba ni dama in shigo ta wata ƙofa, don har yanzu ba a taɓo abin da ni na fi damuwa da shi ba, wato 'yancin ma'aikaci. Sashe na 8 ɗin da aka ambata ya haramta wa babban darakta da sufetoci da sauran ma'aikata neman umarni ko karɓarsa daga kowace gwamnati. To ka ɗauki mutumin da ya fito daga ma'aikatar tsaron ƙasarsu, ya kuma san tabbas bayan shekara bakwai can zai koma neman abinci. Ranar da rahoton da ke hannunsa ya saɓa wa son ran gwamnatinsa, me kake zaton zai riƙa tunawa? Ban ce zai ci amana ba, akasarinsu mutanen kirki ne. Na ce dai an ɗora masa nauyin da ma'aikacin dindindin ba ya ɗauke da shi. Masu kare dokar za su ce ai wanda ya daɗe shi ma yakan zama ɗan gida, ya saba da waɗanda yake bincika. Wannan ma gaskiya ne. Amma a auna su biyun.

Kuma kada a ɗauka matsin lamba tatsuniya ce. Shugaban hukumar na farko, José Bustani ɗan Brazil, an tsige shi a Afrilun 2002 a wani taro na musamman da Amurka ta matsa a yi. Amurka ta ce rashin iya gudanarwa ne, shi kuma ya ce ƙoƙarinsa na jawo Iraƙi cikin yarjejeniyar ne ya ɓata musu shiri. Ya kai ƙara kotun ma'aikata ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ke Jeniba, wadda ita ke sauraron ƙarar ma'aikatan hukumar. A Yulin 2003 kotun ta ce tsigewar ta saɓa doka, ta ba shi diyyar yuro 50,000 ban da albashinsa. Idan an yi wa na sama haka, na ƙasa yana kallo.

Ummi, ga wani abu da zai nuna miki nauyin aikin da kika tambaya. A hukumar hana gwajin nukiliya ta Viyana, an fitar da wa'adin shekara bakwai ne a cikin takardar umarni. Wani ma'aikaci ya kai ƙara, sai kotun ta Jeniba a 2004 ta ce ba za a yi masa aiki da wa'adin ba matuƙar ba a shigar da shi cikin sharuɗɗan kwantiraginsa ba. Dole hukumar ta koma ta gyara takardun ɗaukar aiki. Kin ga manufar tana nan, niyyar ƙasashe tana nan, amma saboda ba a ajiye jimlar a inda ya dace ba, ta kasa tsayuwa a gaban alƙali.

Ummi Kaduna:
Na gode Barista, wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. To amma maganar Yaya na Damagaram fa? Akwai kaso da aka ware wa kowace ƙasa, irin tsarin raba-daidai da muke da shi a aikin gwamnatin tarayya?

Hajiya Maman Nana:
Babu kaso a yarjejeniyar, 'yata. Sharaɗi dai dole ka zama ɗan ƙasar da ke cikinta, shi ya sa ɗan Masar ko ɗan Sudan ta Kudu ba zai samu ba, don ƙasashensu ba su shiga ba. A kujerun majalisar zartarwa ta hukumar ne ake da rabo, Afirka tana da 9 cikin 41. A aikin ofis kuwa cewa aka yi a kula, ba a ce a ƙirga ba.

A nan ne nake rabuwa da ƙanena na Damagaram. Kai kana ganin da kujera ta zama fanko namu zai hau. Ni na ga yadda ake cike ta. Tun a rubutun talla ake yanke hukunci. Idan aka rubuta sai mai shekaru kaza na aiki a babbar masana'antar sinadarai, an riga an zubar da rabin Afirka kafin kowa ya aika takarda, ba tare da an ambaci sunan ƙasa ko ɗaya ba. Wani lokaci sharaɗin dole ne, aikin ke buƙatarsa. Wani lokaci kuma kwafo shi kawai aka yi daga tallar da ta gabata. Aikin mai tsara manufa ne ya zauna da shugaban sashe ya tambaye shi layi bayan layi: wannan dole ne ko so ne? Wanda ya yi shekaru a matatar mai ko kamfanin taki ko hukumar kula da magunguna, me ya sa ba za a ƙirga masa ba?

Sai ganawa. Na taɓa zama a kwamitin da wata baiwar Allah ke amsa tambayoyi ta bidiyo daga wata ƙasa tamu ta nan yamma. Amsoshinta masu kyau, amma layi ya yanke sau da dama, a ƙarshe wuta ta ɗauke, muna ganin fuskarta da hasken waya kawai. Da aka zo ba da maki wani ya rubuta cewa ba ta da natsuwa wajen bayani. Babu wata doka a lokacin da ta ce a sake mata rana. Bayan nan muka rubuta ta, layi biyu kacal: idan na'ura ta kawo cikas a sake ganawar, kuma ba a ba da maki a kan abin da na'ura ta jawo. Irin waɗannan layuka su ke buɗe ƙofa, ba wa'adi kaɗai ba.

Akwai kuma lissafin da mai iyali ke yi kafin ya nema. Albashin yana bin ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya, ko da yake hukumar ba reshenta ba ce, yarjejeniyar aiki tare ce tsakaninsu. Kuɗin yana da kyau. Amma Bature da ya gama bakwai ɗinsa zai hau jirgin ƙasa ya koma kamfani ko ma'aikatar da ya baro. Namu da ya ajiye aikin jami'a ko na gwamnati mai fansho, ya kwashe mata da yara zuwa Holan, idan ya dawo kujerarsa wani ya hau, yaran sun saba da wani tsarin karatu. Mace kuma abin ya fi mata nauyi, don sai mijin ya yarda ya bar nasa aikin saboda abin da kowa ya san ranar ƙarewarsa. Don haka wa'adin da kake cewa don mu aka yi, mu ya fi tsorata.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, maganarki ta shige ni, musamman ta talla. Bari ma in ƙara miki wata da ku 'yan Najeriya ba ku cika ji a jikinku ba. Harsunan hukumar shida ne, har da Faransanci da Larabci, amma aikin yau da kullum da Ingilishi ake yi, jarrabawar ma haka. Injiniyanmu da ya yi aiki a ma'adinan yuraniyom na Arlit, ya san kariya daga guba da tururi fiye da da yawa, sai ya faɗi a kan rubutun Ingilishi na awa ɗaya.

Amma duk da haka ban sauka daga matsayina ba. Gyaran talla da gyaran ganawa ba su da amfani idan babu gurbin da za a yi tallarsa. Ku cire wa'adin ku gani, guraben da ake fitarwa a shekara za su koma 'yan ƙalilan, na masu ritaya da masu rasuwa.

Tsohon Soja:
Akwai ɓangaren sirri da ba a ambata ba. Sufeto yana shiga masana'antun da ke da sirrin kasuwanci na biliyoyi. Kafin annobar korona ana yin binciken masana'antu 241 a shekara. Kowace ƙasa tana da ikon ta duba jerin sunayen sufetoci ta ce wane ba zai taka mata ƙasa ba. A Afrilun 2018 jami'an Holan sun kama wasu Rashawa huɗu da na'urori a cikin mota a otal ɗin da ke jikin hedikwatar, suna ƙoƙarin kutsawa cikin intanet ɗin hukumar. Wurin da ake farauta haka, duk shekara kana sallamar mutane masu ɗauke da sirri a ka, kana kawo sababbi da sai an tantance su daga farko. Ga kuma rikicin rahoton hukumar kan harin guba a garin Douma na Siriya, inda takardun cikin gida suka fita waje, hukumar ta yi bincike ta fitar da sakamako a 2020, har yau ana jayayya. Ba na shiga wa ke da gaskiya. Abin da na ɗauka shi ne, dole a samu hanya a rubuce da ma'aikacin da bai yarda da matsayar tawagarsa ba zai bi a ciki, a saurare shi, a ajiye ra'ayinsa a fayil, ba tare da ya ji tsoron sabunta kwantiragi ba. Hajiya, wannan ma ai teburinku ne.

Hajiya Maman Nana:
Namu ne, ranka ya daɗe, kuma yana cikin mafi wuya. Mai kwantiragin shekara ɗaya-ɗaya ba sai an kore shi ba, shiru kawai za a yi har ranar ta zo. Shi ya sa nake dagewa duk ƙin sabuntawa ya zo da dalili a rubuce, kuma wanda aka yi ƙorafi a kansa kada ya zama shi kaɗai ke sa hannu.

Tunda an matsa, ga abin da zan rubuta da ni aka ba alƙalami. Ba zan soke wa'adin ba, don hujjar ɗan Damagaram tana da ƙafa. A ofisoshin kuɗi da saye-saye da gudanarwa, har da namu na ma'aikata, a bar shi yadda yake, ana samun masu wannan ƙwarewa a kasuwa. Amma a ware wasu 'yan kujeru ƙididdigaggu, na waɗanda iliminsu babu inda ake koyar da shi sai nan, masu nazarin samfur da masana harsasan guba da jagororin bincike, a ba su wa'adi mai tsawo, da sharaɗin cewa koyar da na baya yana cikin abin da ake auna su da shi. A daina ɗaukar mutum biyar rana ɗaya a sashe ɗaya. Sabo ya iso wata uku kafin tsoho ya tafi, a sa kuɗin wannan haɗuwar a kasafi tun farko, domin ita ake fara yankewa duk lokacin da aka ce a tsuke aljihu. Takardar miƙa aiki mai shafi huɗu da ake rubutawa a makon ƙarshe, ana haɗa akwati, ba ta taɓa maye gurbin zama tare ba.

Barista:
Na yarda, da sharaɗi ɗaya. A rubuta sunayen kujerun, ba sunayen mutane ba, kuma ƙasashe su amince da jerin a fili. Da zarar an bar wa shugaba ikon ya zaɓi wanda zai tsawaita wa bisa ganin damarsa, kowa zai fara neman fada, kuma mun koma kan matsalar 'yancin da na fara da ita, har ta fi muni.

Ɗan Damagaram:
Ni ma nawa sharaɗin: a ƙayyade adadinsu da lamba, kuma duk shekara a wallafa daga waɗanne yankuna masu riƙe da su suka fito. Idan ba haka ba, bayan shekara goma za a tarar kujerun dogon wa'adi duk na yanki ɗaya ne, mu kuma an bar mu da karɓa-karɓa.

Baban Sadiq:
Wannan sharaɗi na karɓe shi hannu biyu. Amma akwai rabon laifin da ke kanmu. Ka ce wanda ya gama yana komawa gida da ilimi. Wane gida ke jiransa? Kowace ƙasa mamba dole ta kafa hukumar cikin gida mai kula da yarjejeniyar, tamu tana Abuja ƙarƙashin ofishin sakataren gwamnatin tarayya. Ina so in ga ranar da za a ce duk ɗan ƙasa da ya dawo daga Hague ko Viyana akwai tsarin da zai kai shi can, ko jami'a, ko kwastan, inda ake buƙatar mai gane sinadarai masu fuska biyu, wato na masana'anta da kuma za a iya haɗa makami da su, a tashar jiragen ruwa. Muna da mutanen da za su iya. A cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke aiki tun 2004, kuma a 2018 aka sauya masa makamashi, aka mayar da yuraniyom mai ƙarfi zuwa Sin, da hannun masananmu a ciki. Gwamnati ta riƙa ba irin waɗannan hutun aiki na shekara bakwai, kujerarsu da fanshonsu suna jiransu, ka ga ko ba za su nema ba.

Ummi Kaduna:
Hajiya, ni da ba kimiyya na karanta ba, ta ina zan fara idan irin aikinki nake so? Ƙanena kuma injiniyan sinadarai ne, shi fa?

Hajiya Maman Nana:
Ƙanenki ya nemi bayanin shirin horon da hukumar ke yi tun shekarar 2000 don masana sinadarai da injiniyoyi na ƙasashe masu tasowa, wanda ake kai su Hague da wata jami'a a Ingila sannan a tura su masana'anta. Ta hannun hukumar cikin gida ake nema, don haka ya fara da Abuja. Akwai kuma shiri na musamman don Afirka da aka fara a 2007.

Ke kuma kada ki jira sai Turai. Duk inda kika samu aiki, ko kamfani ko ƙungiyar agaji, ki roƙa a sa ki cikin masu sabunta littafin dokokin ma'aikata, aikin da kowa ke gudu. Ki koyi rubuta doka da jimlar da ba ta da fassara biyu. Hukunce-hukuncen kotun Jeniba suna nan kyauta a intanet da Ingilishi da Faransanci, ki riƙa karanta ɗaya duk mako, ki fara da na ƙin sabunta kwantiragi, ki lura da abin da ya kayar da hukuma a kowanne. Ki kuma shiga ajin Faransanci tun yanzu. Idan kin rubuta daftarinki na farko ki turo min ta akwatin sirri in duba miki.